Tambayoyin Masu Karatu: Tafiya da gudu a kan dusar ƙanƙara a duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina karatu a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, kuma bana ne na fara ganin sanyin wannan ƙasa. Abokan karatuna sun gayyace ni fita ta ranar Asabar zuwa duwatsun Banff, inda suke tafiya a kan dusar ƙanƙara da wani irin faffaɗan takalmi, wasunsu ma har gudu suke yi da shi. Ni kuwa ko hunturun gida sai na haɗa rigunan sanyi biyu nake iya barci. Shin zan iya binsu, kuma me ya kamata in tanada? Daga wani mai karatu a Kalgari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, domin duk wanda ya iya tafiya da ƙafafunsa zai saba da wannan takalmi cikin ɗan lokaci kaɗan. Abin da yake yi shi ne abin da tafin raƙumi ke yi a kan rairayi, wato ya baza nauyin mutum a kan fili mai faɗi don kada ƙafa ta lume har gwiwa. 'Yan asalin Arewacin Amurka, irin su kabilun Kiri da Huron, sun daɗe suna lanƙwasa itace su saƙa masa tsirkiyar fata, har ya fito kamar dogon faifai, suna farauta da shi. A wurinsu Turawa suka koya, kuma tun ƙarni na 19 ake da ƙungiyoyin masu fita da shi cikin ayari a birnin Montiriyal. Na yanzu da alminiyam ko roba ake yinsa, da haƙoran ƙarfe a ƙasa don riƙe ƙanƙara, kuma a kan takalminka ake ɗaura shi. Kada ka saya tukuna, ana bayar da hayarsa.

Na lura cewa sanyi ne ya fi tsorata ka, alhali gumi ya fi sanyin saurin kayar da baƙo. Mutumin da ya taso a ƙasa mai zafi yakan jibga duk abin da ya mallaka a jikinsa kafin ya fita, sai hawan dutse ya sa shi zufa sharkaf, da an tsaya hutawa kuma iska ta bugi jiƙaƙƙen kayan, jiki ya shiga yin sanyi da sauri. Idan zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35, mutum yakan fara kakkarwa da sarƙewar harshe da ruɗewa, kuma sau da yawa na kusa da shi ne ke fara ganewa, shi bai ma sani ba. Saboda haka ka bar singiletin auduga a gida, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Ka sa ta ulu ko ta zaren roba a jikin fata, ka ɗora mai ɗumi a kanta, sannan wadda ke tare iska a waje, ka riƙa cirewa kana mayarwa gwargwadon hawa da tsayawa. Gara ka fara tafiyar kana ɗan jin sanyi-sanyi. Ka tuna kuma cewa duk hawan mita 1,000 yanayi yakan ƙara sanyi da kimanin digiri 6, don haka abin da ka ji a ƙofar gidanka a Kalgari ba shi za ka tarar a bakin tafkin Luwis na yankin Banff ba, wanda ke kan tudun da ya haura mita 1,700 daga matakin teku.

Sai kuma yatsu da kunnuwa da hanci. Yawancin bayanan da za ka karanta kan daskarewar fata suna cewa wurin zai yi ja ko fari, amma a baƙar fata alamar takan zo da toka-toka da tauri da mutuwar ji. Kada ka murza wurin, kada ka kai shi kusa da wuta; ka sa hannun a hammatarka. Ka riƙe baƙin tabarau, saboda hasken rana da ke dawowa daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido, ka kuma riƙe ruwan zafi a fulas, don ƙishirwa ba ta cika sanar da kanta a cikin sanyi ba.

Abin da ya fi duk waɗannan girma shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara daga gangaren dutse. Galibi tana faruwa ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma wanda ke tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri a gindin irin wannan gangare shi ma bai tsira ba. Wanda ta binne, idan ba a tono shi cikin kusan minti 15 ba, damar tsirarsa takan ragu ƙwarai. Hukumar Avalanche Canada tana fitar da hasashe kullum a lokacin sanyi bisa mataki biyar, daga 1 zuwa 5, hukumar gandun dajin ƙasar kuma ta rarraba hanyoyi bisa haɗarinsu. Ka tambayi jagoran tafiyar taku, ba tare da jin nauyi ba, wace hanya za a bi, kuma ko ya duba hasashen ranar. Idan ya ce hanyar tana ratsa wurin zaftarewa, to dole kowa ya riƙe na'urar gano wanda aka binne da sandar bincike da shebur, ya kuma san amfani da su. Idan ya yi dariya ya ce ai sun saba, ni a ganina ka nemi wani ayarin. Yawan jama'a yakan sa kowa ya ɗauka wani ne ya yi tunanin, kuma baƙo shi ya fi kowa jin kunyar cewa a koma.

Gudun kuwa ka ɗan jinkirta shi. Takalminsa ya fi ƙanƙanta da sauƙin nauyi, a kan hanyar da aka daddaɓe ake yinsa, kuma yana cinye numfashi fiye da gudun titi nesa ba kusa ba. Ka fara da tafiyar awa biyu ko uku. A watan Disamba rana takan faɗi a yankinku wajen ƙarfe huɗu da rabi, wato Azahar da La'asar da Magariba suna matse da juna, saboda haka ka fita da alwalarka, ka sa fitilar goshi a jaka, ka kuma guji taka layin da aka shata wa masu sulun ƙanƙara.

TAMBAYA: Ni 'yar Maradi ce mazauniyar Garanobul a Faransa. Ƙungiyar unguwarmu za ta hau dutsen Shamrus da ke kusa da mu da irin wannan takalmi, amma ƙanena da zai bi mu yana da sikila. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, Malama, kuma ba ƙarama ba. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsawo da wahalar da jiki, kowannensu yana iya tayar da ciwon sikila, kuma wannan fita ta haɗa su duka huɗun. Garanobul tana kusan mita 200 ne daga matakin teku, Shamrus kuwa, inda aka yi wasu wasannin Olamfik na 1968, ko ƙauyukanta sun haura mita 1,600. Idan SS ne ko SC, kada ya taka wurin sai likitan da ke duba shi ya amince. Ke ma, da yake jininku ɗaya, ki tabbatar da rukuninki, domin ko mai AS an san tsawo da gajiya mai tsanani suna iya taɓa masa saifa, kuma ciwo a gefen hagu na ciki dalili ne na saukowa nan take a nufi asibiti.