Kurkum zai kare maniyyi daga gubar dalma?

Tambaya: Likita, ni mai gyaran batir ne a Tawa, shekara 11 ina narka dalma. Shekara 3 da aurena, har yanzu Allah bai kawo rabo ba. Wani abokin aiki ya ce in riƙa zuba kurkum a kunu kullum da safe, wai yana wanke gubar ƙarfe daga jikin namiji. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah ya kawo rabo mai albarka. Damuwarka tana kan hanya. Dalma tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, ta rage musu kuzarin tafiya, ta ɓata siffarsu. Haka ma kadmiyom da ke cikin hayaƙin taba, da zaibar da masu haƙar zinariya ke ƙonawa.

Maganar abokinka tana da tushe, amma ta yi nisa da tushenta. A cikin kurkum akwai sinadarin kurkumin, kusan kashi 3 cikin 100 na garin. An ba ɓeraye dalma ko kadmiyom haɗe da shi, aka ga ɓarnar da ta sami marainansu ta ragu. Sai dai tataccen sinadari aka ɗura musu, mai yawa, ba ɗan cokalin da ake barbaɗawa a kunu ba. Hanjin mutum kaɗan yake tsotsa, hanta kuma ta yi saurin kawar da shi, ko da masoro yana ɗan taimakawa. Ita kuwa dalma, in ta shiga sai ta kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru. Kurkum ba ya tono ta daga can.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne garin kansa. A 2019 masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa a Bangaladash ana shafa wa kurkum rini mai dalma don launinsa ya ƙara haske. Garin da ake aunawa da ludayi daga buɗaɗɗen kwano a kasuwa, wa ya san hannun da ya ratsa? In za ka ci, sayi saiwar, a wanke, a daka a gida. A miya ba laifi. Ƙwayoyinsa masu ƙarfi da ake tallatawa kuwa, an samu waɗanda suka taɓa musu hanta.

Kariyarka tana garejinka. Na sha ganin mai batir ya ɓare goro da yatsun da suka yi fari da ƙurar dalma, ya jefa baki. Wannan ka bari. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci komai, narka dalma a fili iska na bayanka, ka daina taba in kana sha. Kayan aiki su kwana a gareji, kada uwargida ta wanke su tare da na gida. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma da ta shiga gidaje ce ta kashe yara sama da 400. Ka duba kwallin da uwargida take sawa ma, wani na dutsen dalma ne.

Sannan ka je asibiti a auna maniyyinka, bayan kwana 3 ba ku sadu ba, ka nemi awon dalma a jini ko da sai ka sauka Yamai. Ku tafi tare da uwargida, ita ma a duba ta. Sabon maniyyi yana ɗaukar kwana 74 ko kusan haka kafin ya nuna, don haka a sake awon bayan wata 3 da gyara yanayin aikin. In dalmar ta yi yawa a jini, akwai maganin da ke kamo ta ya fitar ta fitsari, likita ne kawai ke ba da shi.