Ƙwayoyin Farfesa Xavier: magani ne ya dushe masa hankali ko cuta?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mun kalli fim ɗin Logan a majalisarmu, musu ya kaure har aka kusa ɓatawa. Wasu suka ce Logan azzalumi ne, ya yi ta ɗura wa Farfesa Xavier ƙwayoyi har ya mayar da mutumin da ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa tsoho mai sambatu. Wasu suka ce in ba don ƙwayoyin ba da ya hallaka gari guda. Na leƙa intanet na tarar masoyan fim ɗin ma haka suka rabu. Abin ya tsaya mini a rai ne saboda Babanmu ya fara farfaɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da aka ɗora shi kan magani sai barci, ko hira ba ya iya riƙewa. Yayana ya ce mu dakatar da maganin. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin mu shiga fim, ka isar wa Yayanka da wannan yau ɗin nan: kada a dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ta saba da shi takan mayar da martani da jijjiga mai tsanani, wani lokaci a jere ba farfaɗowa, kuma jijjigar da ta wuce minti 5 ta zama lalurar gaggawa da kan iya ɗauke rai.

To, musun majalisarku. Ga waɗanda ba su kalla ba, fim ɗin ya fito a 2017, James Mangold ya ba da umarni, labarin kuma yana faruwa a 2029. Charles Xavier, wanda Patrick Stewart ya hau matsayinsa, ya kai shekara 90, ƙwaƙwalwarsa mai karanta zukatan mutane ta fara lalacewa. In farfaɗiya ta buge shi ba shi kaɗai take kamawa ba, duk wanda ke kusa sai ya sandare, numfashi ya gagare shi. A rediyo, cikin fim ɗin, aka ji cewa irin wannan ta taɓa faruwa a Westchester, yankin da makarantar Xavier take a Amurka, mutum sama da 600 suka jikkata, bakwai daga cikin masu baiwa ta musamman irin Xavier suka mutu. Shi ya sa Logan, jarumin fim ɗin da aka fi sani da Wolverine, ya ɓoye shi cikin wani tankin ruwa da ya faɗi a wata tsohuwar masana'anta a Meksiko, yana tuƙin mota yana tara kuɗin magani.

Masu zargin Logan ba a banza suke yi ba. Duk wanda ya girma da fina-finan X-Men, ƙungiyar jarumai masu baiwa da Xavier ya kafa, ya san shi a matsayin malami mai natsuwa, sai ga shi yana zagaye a keken guragu yana surutai marasa kai, ana ce masa ya buɗe baki a ga ko ya haɗiye ƙwaya. Wannan buɗe bakin ya ƙona wa mutane rai fiye da duk zubar da jinin da ke fim ɗin. Kuma a ganinsu fim ɗin ya ba su hujja: da ya samu sararin maganin, sai hankalinsa ya dawo, ya zauna cin abinci da iyalin wani manomi yana raha, har ya tuna abin da ya aikata a Westchester. Ɗaya ɓangaren kuwa, da yawansu mutanen da suka yi jinyar iyaye ne. Su gajiyar Logan suka gani, da zafin bakinsa, da yadda yake ɗaukar tsohon zuwa bayan gida. Suka ce wanda bai kwana a zaune kan tsoho ba ya yi shiru.

A ganina duka biyun sun tsallake wani abu da fim ɗin ya nuna tun farko. Logan ba wurin likita ya karɓo maganin ba. A bayan fage yake saye daga hannun wani ma'aikacin asibiti, ya kawo gida, Caliban mai taya shi jinya ya ce bai isa ba. Ba wanda ya auna jinin tsohon, ba wanda ya duba ko adadin ya yi masa yawa, ba wanda ya ce a gwada wani. Abin da kuke musu a kai, wato ko hankali ko lafiya, zaɓi ne na wanda ba shi da likita. Marubutan suna buƙatar zaɓin ya zama mai ɗaci haka don labari ya yi armashi. Baba ba ya buƙatar hakan.

Gaskiya ne magungunan farfaɗiya suna iya dusar da tunani, domin aikinsu shi ne rage saurin tashin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma ba sa bambance tashin da ke kawo jijjiga da wanda ke kawo hira. Amma ba duka suka zama ɗaya ba. Phenobarbital, wanda ake amfani da shi tun 1912 kuma har gobe shi ne mafi araha a asibitocinmu, ya fi sauran sa barci da nauyin kai, yana kuma daɗewa kwanaki a jiki, ga tsoho ma ya fi haka saboda hanta da ƙoda sun rage ƙarfi. Carbamazepine kan rage sinadarin gishiri a jini, tsoho ya rikice a zaci cutar ce ta ci gaba. Phenytoin in ya taru yakan sa tangaɗi da nauyin harshe. Akwai sababbi irin lamotrigine da levetiracetam waɗanda tsofaffi suka fi jurewa, ko da yake na biyun yakan sa wasu saurin fushi, kuma sun fi tsada.

Ba kuma lallai maganin ne ba. Shanyewar ɓarin jiki ita kanta tana taɓa tunani. Farfaɗiyar tsofaffi sau da yawa ba ta zuwa da faɗuwa da kumfar baki, sai dai mutum ya yi zuru, ya riƙa tauna baki, daga nan ya wuni a ruɗe. Irin wannan ƙarin magani yake so, ba ragi ba. Ciwon mafitsara ma kaɗai yakan birkita tsoho. Ko a fim ɗin ba za ka iya rantsuwa cewa ƙwayoyi ne suka mantar da Xavier Westchester ba, tunda cutar tana nan, ga kuma Logan da ya ƙi gaya masa. In akwai laifin da zan ɗora wa Logan, wannan ne: yana shayar da mutum magani ba tare da ya bari ya san dalili ba.

Wani abu game da masu kallo da ya dame ni. Fina-finan jarumai suna son labarin nan na cewa ƙwaya ce ke danne baiwa, ka zubar da ita ka ga ikon Allah. A shekarar da Logan ya fito aka fara shirin talabijin mai suna Legion, kan David Haller, ɗan Xavier ɗin nan a littattafan zane, wanda aka tsare a asibitin masu taɓin hankali ana ba shi magani, daga baya aka ce masa lafiyarsa lau, ƙarfi ne da shi. Mutane sun ji daɗin wannan sosai. Da aka zo ƙarshen zango na biyu shirin ya juya ya ce yana da ƙarfin, yana kuma da cutar, sai wasu masoya suka fusata kamar an ci amanarsu. Ni kuwa a nan ne na fara girmama shirin, don na sha ganin wanda ya ajiye magani saboda ya ji sauƙi aka dawo da shi ranga-ranga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da jijjiga in sun samu maganin da ya dace.

Ku mayar da Baba asibiti cikin makon nan, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. Ku kwashi duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na hawan jini, na barci, da na gargajiya in akwai. Ku rubuta lokacin da yake shan kowanne da lokacin da barcin ya fi danne shi. Ku tambayi likita ko za a duba gishirin jininsa da aikin ƙoda, ko za a iya mayar da kaso mafi yawa zuwa dare, a rage a hankali, ko a canja. Ku bar Baba ya faɗi yadda yake ji da bakinsa gwargwadon iko. In kuwa kuka ga ana tashinsa da ƙyar, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ƙuraje sun feso masa da zazzaɓi, a tafi da shi a daren.