Amsa ga ɗan uwana da ya ce haɗa jirgin roba wasan yara ne

Ɗan uwa na ga saƙonka tun shekaranjiya, na ƙi amsawa da wuri ne don kar in amsa da zafi. Ka ga hoton teburina da ƙananan jirage, kace wai mutum da gemunsa da 'ya'ya uku ya zauna yana liƙe roba, anya ba mu narke mun zama Turawa ba a Ingilar nan. Toh bari kaji yadda abin yake.

Ba a haɗe ake sayo shi ba. Kwali zaka buɗe ka tarar da gutsattsarin roba jere a jikin firam, wani guda talatin wani ya haura ɗari, ka yanko su ɗaya bayan ɗaya ka goge bakin da sanfefa, ka ɗiga gam ɗin da yake ɗan narkar da robar su manne, sannan fenti, sannan tambarin da ake jiƙawa a ruwa a zamar da shi kan fiffike da hantsaki, in hannunka ya yi rawa ya yage shikenan. Yawanci ina yin ma'aunin 1/72 ne, wato an rage jirgin sau 72, jirgin yaƙin Ingila Spitfire da faɗin fikafikansa ya haura mita 11 sai ya dawo bai wuce taƙi ɗaya ba. Kamfanin Airfix tun 1953 yake fitar da shi, kuma duk watan Nuwamba akwai babban taron masu haɗa irin waɗannan jiragen a garin Telford, kaje ka ga masu furfura sun fi yara yawa, injiniyoyi, direbobin bas, 'yan fansho, kowa da abin da ya shafe watanni yana yi.

Abin da ku a gida ba kwa lissafawa shine sanyi. A Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, babu majalisa babu teburin mai shayi babu dakalin ƙofar gida da zaka zauna a yi hira har dare. Kana cikin gida ne kai da iyalinka, yaro kuma ko dai ya shige ɗaki da waya ko ya zauna kusa da kai, ni na zaɓi ya zauna kusa da ni. A teburin nan babban ɗana ya koyi fiffike da farfela da wutsiya, ya koyi "miƙo min" da "bari ya bushe tukuna", don dokata ce in ana haɗa jirgi Hausa kawai ake yi.

Na kuma san inda ka dosa da maganar, auren ne dai. Eh matata ba Bahaushiya bace, 'yar nan ce, kuma surukina ne ya koya min wannan abu ban ɓoye ba. Amma a masallaci aka ɗaura, da sadaki da shaidu, Musulma ce tun kafin mu haɗu, shekara goma sha huɗu kenan har yau in aka kira waya daga gida sai wani ya tambaya ko yaran suna sallah, wallahi abin yana min ciwo. Surukin nan kuwa har gobe ban taɓa kiran sunansa ba, ba na iya cin abinci sosai a gabansa, shi har mamaki yake yana cewa in saki jiki. Haɗa jirgin nan ne ya ba mu abin da zamu zauna a kai ni da shi ba tare da kunya ta kore ni ba. Ɗan mutum-mutumin matuƙin da yake zuwa a kwalin ma ni ba na saka shi, ya lura bai taɓa tambaya ba, in zai ba yaran kyauta da kansa yake cirewa.

Kuma kai ma fa ka yi. Ka manta bayan kaka da muke ɗebo karan dawa mu fere, mu yi mota da jirgi da ɓawon da totuwar? Ka manta lokacin jigilar alhazai da Baba Allah ya jiƙansa yake ɗaukar mu a babur muje mu tsaya daga nesa muna kallon jirgin Kabo yana tashi? Tun 1925 jirgi ya sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, sha'awar jirgi ba a nan na tsince ta ba. Wanda na fi ji da shi a kantata ma Alpha Jet ne na sojan saman Najeriya, sai da na sha wahala kafin in samu tambarin kore fari kore daidai girmansa.

Abin da na kasa mantawa shine zuwanmu gida na ƙarshe, babban ɗan nawa ya yi ta shirya gaisuwa tun a jirgi, ya durƙusa ya gaida mutane aka kwashe da dariya saboda yadda harshensa yake karyewa, kwana biyu bai ƙara buɗe baki da Hausa ba. Kana wurin. In Allah ya kai mu hutun bana zan taho da kwali biyu, kai kuma don Allah ka ajiye min kara masu kyau, ina so ka zauna da shi ka nuna masa yadda muke yin namu, don ni hannuna ya manta yadda ake kafa tayar.