Warin fetur a tsohuwar mota: ina yake yoyo?

Malam, ka ce tsohuwar Golf ɗinka na warin fetur amma ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Fetur na saurin bushewa, shi ya sa.

Fara lura da lokacin da warin ke tashi. In sai ka cika tanki, duba robar murfin tanki da tiyon da ke kai mai daga baki zuwa tanki. In kuma sai inji na aiki, sau da yawa matsalar tana layin da famfo ke tura mai. Da safe, inji a sanyaye, a fili, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba domin famfo ya tura mai, ka haska tocila a kan tiyoyi, filtar mai da gindin injekta (mai fesa fetur cikin inji). Nemi jiƙa ko tsagewa, musamman wajen kilif ɗin da ke ɗaure tiyo. Warin da ya fi ƙarfi a cikin mota kuwa, sau da yawa robar famfon da ke saman tanki ce.

Kada ka haska da ashana, kada ka naɗe tiyo da leda, kuma tiyon ruwa ba ya jure fetur. In yoyon na kusa da salansa ko tankin ya yi tsatsa, kashe motar, kira makanike.