Dalilin da ya sa kuɓewarka ta daina 'ya'ya

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa kuɓewar da ka shuka a bayan gida ta yi fure sosai a farkon watan Agusta, ta ba ka 'ya'ya na ɗan lokaci, sannan ta tsaya cak, alhali ganyenta kore shar ne kuma ruwan sama bai ɗauke ba. Na duba ta, kuma ba laifin iri ba ne, ba kuma ƙarancin taki ba. Kusan kowane tushe yana ɗauke da 'ya'yan da suka ƙosa, sun wuce tsawon tafin hannu, sun yi taurin da wuƙa ba ta shigarsu sai da ƙyar.

Kuɓewa tana yin fure ne domin ta bar iri. Muddin ka ƙyale ɗa ya ƙosa a jikinta, sai ta mayar da ƙarfinta wajen cika ƙwayoyin da ke cikinsa, ta rage fitar da sabon fure, domin a wajenta aiki ya kammala. Daga ranar da fure ya faɗi, kwana 4 zuwa 6 kacal ɗan yake buƙata ya isa tsinka, saboda haka wanda yake son ta daɗe tana haihuwa dole ne ya riƙa bin ta duk bayan kwana biyu, ko da ba a bukatar miya a gida ranar. Gwajin mai sauƙi ne: ka lanƙwasa tsinin ɗan da babban yatsa, idan ya karye ƙas, ɗanye ne mai yauƙi, idan ya lanƙwashe bai karye ba, ya wuce, kuma ko ka kai shi kasuwar Gujungu mata za su taɓa su ajiye. Ka yanka da wuƙa maimakon fizga, don kada ka yi wa karan rauni, ka kuma sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi.

Na san tunanin iri ne ya sa ka bar su, kuma tunani ne mai kyau, amma ba a kowane tushe ake barin iri ba. Ka zaɓi tushe biyu ko uku mafiya lafiya, ka ɗaura musu tsumma, ka bar 'ya'yansu har su bushe su fara tsagewa, sannan ka adana ƙwayoyin cikin toka a kwalba mai murfi. Abin da ya yi yawa daga sauran kuwa a yanyanka a shanya, domin busasshiyar kuɓewa ita ke riƙe tukunya da rani.

Gobe da sassafe ka cire duk waɗanda suka ƙosa, ban da na tushen da ka zaɓa domin iri, ka zuba tafi ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki a gefen kowane tushe ba tare da ya taɓa kara ba, ka barbaɗa toka a kan ganyen da ƙwari suka huda tun raɓa ba ta bushe ba. In Allah ya yarda za ka ga sabon fure kafin damina ta ja baya.