Gyaran ƙwayoyin halitta zai raba ɗana da sikila?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara bakwai yana da sikila, wadda muke ce wa emasi. Da zarar hunturu ya shigo, mu da asibiti ke nan. Na ji an ce Turawa na gyara ƙwayoyin halitta cutar ta tafi. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: Allah ya ba yaro lafiya, Hajiya. Gaskiya ne, amma da sauran magana.

A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, harufa wajen biliyan 3, wanda ya gada daga uwa da uba. Harafi ɗaya tak da ya sauya shi ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. CRISPR, dabarar da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, almakashi ne mai ɗan jagora: jagoran ya laluɓo wurin da ake so a rubutun, almakashin ya yanka.

Kin tuna ɗanki bai fara ciwo ba sai da ya yi wajen wata shida? Jinin jarirai ne ke kare shi, daga baya jiki ya daina yin sa. To maganin Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ba ya ma taɓa harafin sikilar. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a yanke abin da ya tsayar da jinin jarirai da almakashin CRISPR, a ba shi magani mai ƙarfi ya share ɓargonsa, sannan a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, su sake yin jinin jarirai. Wannan sharewar ba wasa ba ce, tana iya hana haihuwa.

Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da biliyan ɗaya na sefa. Kuma wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa sikilar, don jininsa kawai aka gyara. Gyaran ɗan tayi kuwa, wanda shi ne 'ya'ya za su iya gada, masanin Sin da ya yi shi a 2018 ɗaurin shekara 3 ya sha.

A yanzu ki tambayi likitansa ko maganin hydroxyurea zai dace da shi, a rufa shi da kyau a sanyin asuba, ya riƙa shan ruwa sosai. Idan ke da mahaifinsa AS ne, wato kuna ɗauke da sikilar ba tare da ciwo ba, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar kanta, don haka a auna jinin ƙannensa.