Hukuncin Harbin Tsattsewar Dutse da Cin Namanta

Tambaya: Malam, a garinmu da ke gefen duwatsun Jos akwai tsattsewa mai ruwan ƙasa da ke gina sheƙar laka a ƙarƙashin dutse. Yarana kan harbo ta da danƙo su gasa, wani lokaci su fasa sheƙar su kwaso 'ya'yanta. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Larabawa na kiran jinsin wannan tsuntsuwa khuɗɗafu, kuma malamai sun yi saɓani kan namanta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun haramta, saboda ruwayar da ta hana kashe ta, wadda Baihaƙi ya kawo, sai dai isnadinta, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, yankakke ne. A mazhabarmu ta Malikiyya tsuntsaye halal ne, har Ibn Abi Zaid ya ce a Risala babu laifi a ci masu farauta da ƙumba. An ruwaito karhancinta daga Imam Malik, amma halaccin ya fi ƙarfi a wurina.

Matsalar tana ga yadda yaran suke samun ta. Tsakuwar danƙo ba ta huda, bugu take yi, kuma abin da bugu ya kashe mushe ne, shi ne mauƙuza a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Ba ya ciwuwa sai an riske shi da rai an yanka, tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu ba kuwa da wuya a riske ta da rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mugaffal cewa Annabi (SAW) ya hana jifa da tsakuwa, domin tana karya haƙori, tana tsiyayar da ido.

Fasa sheƙar ya fi damuna. Baki-baki ta ɗebo wannan laka har ginin ya tashi. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a tafiya, uwar ta zo tana karkaɗa fikafikai, sai Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. 'Ya'yan da ko gashi ba su yi ba, wane nama ke jikinsu?

Ka hana yaranka da lallashi, ka nuna musu yadda tsattsewar take cafke ƙwari a sama, ka karɓe danƙon. Wallahu a'alam.